Mataimaki Ko Mahaɗi? Tsokaci A Kan Asalin Wata Kalmar Likitanci

Kwanakin baya wata ƙungiya mai aikin lafiyar ƙananan yara ta aiko mini da takarda mai shafi huɗu da aka fassara daga Ingilishi zuwa Hausa, aka ce in duba Hausar kafin a kai ta maɗaba'a. Takardar bayani ce ga iyaye mata a kan abubuwan da ke cikin allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a cinya. Wanda ya yi fassarar ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi yabonsa ba. Amma da na iso shafi na uku sai na ci karo da wata jimla da ta sa na ajiye biro: “Ana kuma cakuɗa wasu sinadarai na daban a cikin allurar.” Na koma ga Ingilishin don in ga abin da ya haifi wannan jimla, sai na tarar kalma ɗaya ce tak ta gagari mai fassara, shi kuwa ya kewaye ta kamar yadda mai keke ke kewaye kududdufi. Kalmar ita ce adjuvant.

Mai karatu na iya cewa ai wannan bai kai a ajiye biro ba, tunda dai ma'ana ta fita. To, ma'anar ba ta fita ba, wata ce daban ta shiga. A Hausa ba a cika cewa an cakuɗa abin sha ko na ci da niyyar alheri ba. Mai man gyaɗa ne ke cakuɗa shi da wani man, mai zuma ya cakuɗa ta da sukari, mu kuwa mu kira aikin nasu algus. Uwar da ta karanta cewa an cakuɗa “wasu sinadarai na daban” a cikin abin da za a tsira wa ɗanta, ba a gaya mata sunansu ba, ba a gaya mata aikinsu ba, me ake so ta raya a zuciyarta? Idan ba mu manta ba, a wannan yanki namu ne aka dakatar da rigakafin shan-inna a shekarar 2003 bisa zargin an sa wani abu a cikin maganin. Jihar Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, kuma cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Duk wanda ke fassara takardar lafiya a Arewa bayan wannan, ya kamata a ce shi ne wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani ya tsaya ya duba.

Ni ba likita ba ne, ɗalibin harshe ne, saboda haka da kalmar zan fara.

Ba 'yar asalin Ingilishi ba ce, aro ce daga Latin, harshen Rumawan da. Gaɓoɓi uku suka gina ta. Akwai ɗafa-goshin ad, wanda ke nuna dosar wani abu, kamar “ga” ko “zuwa” a Hausa. Akwai aikatau iuvare, ma'anarsa taimaka. Haɗuwarsu ta ba da adiuvare, wato kai wa wani taimako. Rumawa “adyuware” suke furta ta, domin harafin j bai rabu da i ba sai ƙarnoni da yawa bayan shuɗewarsu, kuma v ɗinsu kamar w ɗinmu take fita. Na uku shi ne ɗafa-ƙeyar da ke mayar da aikatau ya zama mai aikatawa, wadda ita ce ta bar ant a ƙarshen kalmar. Abin da Latin ke yi a ƙeya, Hausa daga goshi take fara shi: daga noma mu sami manomi, daga taimaka mu sami mataimaki. Fassarar kalmar gaɓa da gaɓa ke nan: mai taimako, ba ƙari ba ragi.

Kalmar na da dangi masu yawa, wasunsu ma mun san su ba mu san mun san su ba. Daga wannan saiwa Faransanci ya sami aider, Sifaniyanci ya sami ayudar, Ingilishi kuma ya sami aid, kalmar da ke manne a jikin motocin ƙungiyoyin agaji. Daga nan ne kuma sunan hafsan sojan da ke taimaka wa kwamanda da aikin ofis ya fito, muƙamin da 'yan'uwanmu na Nijar suka ara daga Faransanci suke cewa ajidan. Ashe dai ajidan na bariki da abin da ke cikin kwalbar allura kakansu ɗaya.

Ita kanta kalmar ta shiga Ingilishi tun wajen shekarar 1600, da ma'anar duk wani mai taimako, mutum ne ko abu. Masu harhaɗa magunguna ne suka kama ta suka riƙe. A tsohon tsarin Turai, zamanin da likita ke rubuta wa mai kantin magani abin da zai daka ya haɗa da hannunsa, ana koya wa ɗalibi cewa cikakken haɗi kashi huɗu gare shi. Na farko basis, wato uwar magani, wadda ita ke yaƙar cuta. Na biyu adjuvans, mai ƙara wa uwar ƙarfi ko sauri. Na uku corrigens, mai gyara ɗaci ko rage illa. Na huɗu constituens, abin da ake kwaɓa sauran a cikinsa su zama ruwa ko ƙwaya ko man shafawa. Abin sha'awa, masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ma kashi huɗu suke yi wa haɗinsu, sai dai su sarauta suka naɗa wa kowane: sarki, da waziri, da mataimaki, da manzo.

Bahaushe fa? Je ka wurin mai magani a bakin kasuwa ka sayi saiwa ko sassaƙe, ba zai sallame ka ba sai ya gaya maka mahaɗi: jar kanwa ce, ko citta, ko kanumfari, ko tsamiya. Zai ce ka sa zuma don ɗaci, ka sha a kunu ko a nono. Malamin da ya yi maka rubutun sha, shi ma yakan faɗi mahaɗi. Ba ina cewa kowane mahaɗi da ake faɗa yana yin aikin da ake jingina masa ba ne, wannan ba fagena ba ne. Abin da nake cewa shi ne, tunanin cewa akwai abin da shi kaɗai ba ya warkarwa, amma idan babu shi magani ba ya ci, tunani ne da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san shi sarai. Gurbin kalmar na nan a harshenmu tun kafin a kawo allura.

Ma'anar da ta fi shahara a yau, wato ta rigakafi, a bargar dawaki aka haife ta. Tun cikin shekarun 1890 ake magance mashaƙo da ruwan jinin doki: a yi wa doki allurar dafin cutar kaɗan-kaɗan har jikinsa ya ƙera makarin dafin, sannan a ɗebi jininsa a tace a yi wa yaron da ya kamu. Cibiyar Pasteur ta Faransa na da irin wannan barga a Garches, kusa da birnin Faris, kuma a can ne wani likitan dabbobi mai suna Gaston Ramon ke aiki. A shekarar 1923 ya nuna yadda za a kashe kaifin dafin mashaƙo da sinadarin fomalin da ɗumi, dafin ya daina cutarwa amma jiki ya ci gaba da gane shi. Sai kuma ya lura da wani abu da wani zai ɗauka ɓarna ce kawai: dawakin da wurin allurarsu ya kumbura ya yi ƙurji sun fi sauran samar da makari mai ƙarfi. Maimakon ya tsaya ga neman hana ƙurjin, sai ya shiga jawo kumburin da gangan. Ya gwada ɓarɓashin burodi, ya gwada mai, ya gwada sitaci iri-iri, ciki har da tafiyoka, wanda ba komai ba ne illa sitacin rogo. A shekarar 1925 ya bayyana sakamakonsa, ya kuma ɗauko waccan tsohuwar kalma ta masu harhaɗa magunguna ya raɗa wa waɗannan abubuwa. Mu da muke cewa ana yi wa rogo kallon kitse, ga inda rogo ya cancanci kallon. Shi kuwa Ramon, an gabatar da sunansa don lambar Nobel fiye da sau 150, har ya mutu a 1963 bai samu ba.

Shekara guda bayan sanarwar Ramon, wato a 1926, Alexander Glenny da abokan aikinsa a Ingila suka zuba alif a cikin wannan dafi da aka kashe wa kaifi. Alif dai da muka sani, wanda wasu ke kira alimun ko alam, wanda ake jefawa a randar ruwa mai laka don dattin ya kwanta. A wurin Glenny ma aikin da ya yi ke nan, ya kwantar da dafin ya riƙe shi. Da aka yi wa dabbobin gwaji allurar wannan kwantaccen haɗi, sai aka ga jikinsu ya amsa fiye da yadda yake amsa dafin zalla. Daga shekarun 1930 gishirin alminiyam ya shiga alluran rigakafin mutane, kuma ya yi kusan shekara 70 shi kaɗai ne a fagen. Wanda ake amfani da shi yanzu ba ainihin alif ɗin kasuwa ba ne, danginsa ne da aka tace, amma likitoci ba su fasa kiran sa da tsohon sunan ba.

A nan akwai wani ramin da mai fassara zai iya faɗawa. Wasu daga cikinmu na kiran tukunyar alminiyam da tukunyar dalma. Duk wanda ya bi wannan ya rubuta cewa akwai “dalma” a cikin allura, ya yi ɓarnar da ta fi ta cakuɗa, domin kunnen mutanenmu bai manta da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Dalma daban, alminiyam daban. Adadin da ke cikin allura ɗaya kuwa dokar Amurka ta taƙaita shi ga miligiram 0.85, ta Turai ga miligiram 1.25, alhali miligiram 1,000 ne ke yin giram ɗaya.

To, wane irin taimako ne wannan mataimaki ke yi? Alluran rigakafi iri biyu ne a wannan fuska. Akwai masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar ta ƙyanda da ta shawara da ɗigon shan-inna. Waɗannan ba sa buƙatar kowa, domin jiki na ganin su ya san baƙo ya shigo gida. Akwai kuma waɗanda ɗan yanki ne kawai na ƙwayar cuta, ko dafinta da aka kashe, an tace shi tas. Tsabtar tasa ita ce amincinsa, ita ce kuma rauninsa, don garkuwar jiki na iya wuce shi ba ta ko waiwaya ba. Aikin mahaɗin shi ne ya tayar da 'yar ƙaramar hayaniya a wurin da allura ta shiga, 'yan sintirin jiki su taru, su ɗauki wancan yanki su kai shi kaluluwa, inda ake horar da dakarun da za su riƙa tuna fuskar cutar shekara da shekaru. Ɗan kumburi da jan da ake gani a cinyar jariri bayan allurar da ake yi masa a mako na 6 da na 10 da na 14, wadda ke kare shi daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da tetanas, yawanci alamar wannan hayaniya ce. Ɗan'uwan ƙurjin dawakin Ramon ne, an dai rage masa ƙarfi ƙwarai.

Glenny ya zaci gishirin na aiki ne kamar rumbu, yana riƙe maganin yana sakin sa a hankali, kuma haka aka yi ta koyarwa shekaru da dama kafin gwaje-gwaje a kan ɓeraye su nuna cewa ba nan gizo ke saƙar ba. A shekarar 1989 wani masani ɗan Amurka, Charles Janeway, ya tsokani abokan sana'arsa, ya kira waɗannan mahaɗai ɗan sirrin da masu ilimin garkuwar jiki ke jin kunyar a sani. Wannan magana ma tarko ce ga mai fassara, domin ba yana nufin ana ɓoye wa jama'a wani abu ba ne. Nufinsa shi ne, kowa a ɗakin gwaji na amfani da su, amma ba mai iya bayanin dalilin da ya sa suke aiki. Shi ya yi hasashen cewa jiki na da wasu masu gadi da aka halicce su da sanin alamomin ƙwayoyin cuta, kuma su ne mahaɗi ke tasa daga barci. An gano waɗannan masu gadi cikin shekarun 1990, aikin da ya kai ga lambar Nobel ta 2011, shekara takwas bayan mutuwar Janeway.

Ba kowane mataimaki ne ake bari ya shiga gida ba. Haɗin da Jules Freund ya ƙirƙiro a Amurka wajen shekarun 1930 zuwa 1940, na man ma'adinai da matattun ƙwayoyin tarin fuka, yana da ƙarfi matuƙa, amma gyambon da yake haifarwa ya sa ba a yarda a yi wa ɗan Adam shi ba. Sai a 1997 aka amince da wani sabon mahaɗi a Italiya, na wani mai da ake samu a hantar kifin shak, cikin allurar mura ta tsofaffi.

Inda maganar ta fi shafar mu a yau shi ne zazzaɓin cizon sauro. An shafe shekaru ana neman rigakafinsa ana faɗuwa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar shi ne samun mahaɗi mai ƙarfi. Alluran biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a watan Oktoba na 2021 da R21 a watan Oktoba na 2023, dukansu na ɗauke da wani sinadari da ake tatsa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Cile a Kudancin Amurka. Mutanen can sun daɗe suna wanki da ɓawon, domin yana kumfa idan aka jiƙa shi. Shi ya sa ake kiran dangin sinadarin safonin, daga sapo, wato sabulu a Latin, kalmar da masu bin diddigin kalmomi ke dangantawa da sabun na Larabci, inda mu kuma muka aro sabulu. Nijeriya ta fara yi wa yara R21 a watan Disamba na 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ke nan yaron Argungu na samun kariya da taimakon sassaƙen bishiyar da ba ta taɓa tsirowa a ƙasarsa ba. Idan aka gaya wa kakarsa cewa maganin na da mahaɗi na sassaƙe, ba na jin za ta yi mamaki.

Kalmar ba ta tsaya ga rigakafi ba. Likitocin ciwon daji na amfani da ita ga maganin da ake bayarwa bayan an yi tiyata an cire ƙari, don a bi sawun 'yan ƙwayoyin da ido bai gani ba. Binciken da Gianni Bonadonna ya wallafa daga birnin Milan a 1976, a kan mata masu sankarar mama, na cikin waɗanda suka kafa wannan hanya. Idan kafin tiyata aka ba da maganin don ƙarin ya motse, sai su liƙa wa kalmar neo, ɗafa-goshin Girkanci mai nufin sabo, su yi wa Latin da Girkanci auren dole. Masu maganin feshi na gona ma na kiran abin da ke sa magani ya manne a ganye da wannan suna.

Saura zaɓi. Mataimaki ita ce fassarar da ta fi kusa da asali, amma ban gamsu da ita ba. A kunnen Bahaushe mataimaki mutum ne mai ofis, mataimakin gwamna ko na shugaban makaranta, wanda kan riƙe kujera idan maigida ya yi tafiya. Wannan kuwa ba ya riƙe kujerar kowa: a yi wa yaro allurarsa shi kaɗai, ba abin da zai kare shi daga gare shi. Na yi tunanin wani abu daga zuga, domin zugazugin maƙeri shi ne misalin da ya fi dacewa da aikin, ba ya ƙera komai amma sai da shi ƙarfe ke ja. Sai dai zuga ta yi ƙaurin suna, ba uwar da za ta so a ce an sa ɗan zuga a jikin ɗanta. Ɗan rakiya kuwa raini ne, yana nufin wanda zuwansa da rashinsa duk ɗaya.

Mahaɗi ta fi su duka. Hausa na bambanta mai aiki da abin aiki ta karin sauti: idan gaɓar tsakiya ta sauka, mahaɗi mutum ne mai haɗawa, idan kuwa gaɓoɓin uku duk suka tsaya a sama, abin haɗawa ne, kuma wannan na biyun muke nufi. Aibinta ɗaya, ta yi faɗi, domin miya ma mahaɗin tuwo ce, kuma kalmar za ta iya haɗiye mai gyara ɗaci da abin kwaɓi gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne a ɗaure ta da siffa: mahaɗi mai zaburarwa. Ga ciwon daji kuwa ba na ganin dole sai kalma ɗaya ta yi mana duka don kawai ta yi wa Bature. A ce maganin kakkaɓe saura ga na bayan tiyata, maganin share fage ga na kafinta, majiyyaci zai fahimci dalilin da ya sa ake ci gaba da ba shi magani bayan an ce masa aiki ya yi kyau, abin da kan sa wasu su daina zuwa asibiti.

Mashaƙon da Ramon ya yi wa aiki shekara 100 da suka wuce ya dawo mana a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma akasarin yaran da suka kamu ba a yi masu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Ba na cewa fassara ce ta jawo haka, dalilan sun fi ƙarfin biro. Amma da wannan a raina na soke waccan jimla na rubuta: “A cikin allurar akwai mahaɗi mai zaburarwa, wato ɗan gishirin alminiyam da ke farkar da garkuwar jikin yaro don maganin ya ci. Yakan sa cinya ta ɗan kumbura ta yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Idan kumburin ya wuce haka, ko zazzaɓi ya yi tsanani, a komo da yaron asibiti.”

Washegari aka bugo mini waya cewa jimla ɗaya ta zama uku, takardar za ta zarce zuwa shafi na biyar, kuma kuɗin ɗab'i na shafi huɗu ne. Na sake duba ta, na ga sakin layi guda a shafin farko wanda ba abin da ke cikinsa sai godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Shi na ce a rage.